Ranar da Na Shanya Majigin Baba

Ni mace ce mai iya ajiya. In an ce yabon kai ne, to a bar shi a yabon kai, kowa a ƙauyenmu ya san haka. Waken da na cakuɗa da toka na toshe a tulu yakan kai wata daminar ƙwaro bai leƙa shi ba. Daddawata ba ta fumfuna, irin geron da na rataye a saman murhu kuwa maƙwabta har roƙonsa suke yi. Na faɗi wannan tun da farko ne don a san cewa abin da na yi wa Baba ba sakaci ba ne. Da sakaci ne, da tuni na yafe wa kaina.

A shekara ta biyu ta babban farin nan na koma gidanmu, wani ƙauye a gefen Tsanyawa, ni da 'ya'yana mata biyu. Maigidana ya tafi kudu ci-rani, ya ce sai yadda hali ya yi. Innarmu ta rasu tun kafin farin. Na tarar Baba ya sayar da shanun nomansa, ya sayar da jaki, ya sayar da keken da yake so fiye da wasu danginsa, ga yanar ido ta kusa gama rufe masa gani. Gonakin garinmu da suke manne da juna, waɗanda sai da layin gamba ake gane iyakar ta wani, duk sun koma fili ɗaya ja wur. Abu ɗaya ne bai sayar ba, ko da yake gaskiya babu mai saye: gwangwanaye uku masu faɗin faifai, a cikin wani rami da ya haƙa a ƙarƙashin gadonsa ya rufe da katako.

Baba da ƙuruciyarsa ya yi aiki da motar majigi ta hukumar En'e, wadda take yawo gari-gari tana haska hoto a jikin farin ƙyalle bayan sallar magariba. Shi ba direba ba ne, ba kuma shi ke juya inji ba. Aikinsa baki. Hotunan ba sa magana, mutanen ciki sai dai su yi ta motsa leɓe kamar kifi, shi kuwa ya tsaya a gefe da lasifika yana gaya wa jama'a abin da suke cewa. Yawancin abin da ake nunawa wa'azin gwamnati ne, a haƙa masai, a kashe ɓera, a shuka gyaɗa a layi. To wa zai baro tuwonsa don ya kalli ɓera? Shi ya sa Baturen da ke kula da motar yake tafe da wani tsohon fim na labari, wanda ake sakawa a ƙarshe don mutane su zauna.

Baturen ya gaya wa Baba cewa daga wani ƙaton littafi aka ciro labarin, littafin da aka rubuta a zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan mulki, tun Turawa ba su zo Kano ba. Fim ɗin kuma an yi shi ne tun inji bai koyi magana ba. Sau ɗaya tak ya ba shi labarin, ta bakin tafinta, shi ma tafintan yana gyangyaɗi. Baba ya riƙe abin da ya riƙe, sauran ya cike da nasa. Wata mata ce mai gidan haya ya kora a tsakiyar sanyi, ta kama hanya ita da tsohon surukinta suna neman mijinta da ya tafi haƙar gawayi a ƙarƙashin ƙasa. Baba bai san sunanta ba, Baiwar Allah yake ce mata. Jefi-jefi wani baƙin allo yakan fito da rubutun Turanci, shi kuma bai iya karatun boko ba, sai ya yi amfani da wurin ya gyara murya. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala shi ne Turawan nan ba su da gaisuwa, mutum ya faɗo ɗakin mutane ba ko sallama, dole shi yake ƙara musu ina kwana da ina gajiya don kada a raina su.

Da aka kawo fim mai magana, aka ce wa Baba an gode. Ya ga an watsar da gwangwanayen a bayan ofis tare da tsofaffin tayoyi, ya ɗaure su a bayan keke ya kawo gida. Tun muna yara muke yi masa tsiya a kansu. Inna takan ce mutum ya binne kuɗi ya ji kunyar faɗa, shi ya binne Turawa.

A shekarar yunwar ne gwangwanayen suka fito daga rami. Da hantsi ne yara suka fi kuka, lokacin da ciki ya gama gane cewa yau ma babu koko. Abin da muke ci tafasa ce da yaɗiya, in an yi sa'a a barbaɗa ɗan kwaki, shi ma sai rana ta karkata. Wata safiya ƙaramar 'yata ta yi kuka har muryarta ta dushe, sai na ji Baba yana jan katako a ɗakinsa. Ya lalubo hanya ya zauna a bakin ƙofa, ya buɗe gwangwani, ya zaro bakin zaren fim ɗin, wani baƙin abu mai santsi da 'yan huje-huje a gefe.

“Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni, “zo ki ɗaga wannan a haske ki gaya mini abin da kika gani.”

“Baba, yunwa yarinyar nan take ji, ba kallo ba.”

“Na sani. Ɗaga dai.”

Na ɗaga. Hotuna ne a jere, gida-gida, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Na ce ga wata mata a bakin ƙofa da ƙunshi a hannu, ga wani mai doguwar hula yana nuna mata hanya. Ban rufe baki ba sai na ji wata murya da ban taɓa ji a gidanmu ba, mai kauri, mai gadara irin ta masu karɓar haraji: “Fita, na ce! Ko sai na kira dogarai?” Sai kuma wata siririya mai rawa: “Ka yi wa Allah, ranka ya daɗe, ka dubi tsohon nan.” Yaran suka yi tsit. Ni kaina tsikar jikina ta tashi, don ina kallon bakin mahaifina amma ba shi nake ji ba.

Haka muka riƙa yi kusan kullum. Ni ce idonsa, shi ne bakinsu. Yana riƙe da naɗin a cinya yana sako mini zaren a hankali, ina faɗin abin da na gani, yaran suna leƙe ta ƙarƙashin hammatata. Da muka zo inda ƙasar ta yi fari fat da dusar ƙanƙara, matar tana tafiya ƙafarta na nutsewa, ƙaramar ta kama hannuna.

“Kaka, gari ne a ƙasa?”

“Gari ne, amma ba ya tuwo.”

“Me ya sa ba su kwashe ba?”

Sai ya sa tsohon surukin ya yi tari.

A cikin gwangwani na biyu akwai wani wuri da fuskar matar ta cika hoton gaba ɗaya. Ta juyo tana kallon mai kallonta, in ka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya sai ka ga bakinta yana buɗewa kaɗan-kaɗan. Wurin nan kaɗai ne Baba ba ya sa mata magana. Na tambaye shi dalili, ya ce shekara da shekaru yana neman abin da ta ce bai samo ba, duk abin da ya gwada sai ya ji ƙarya ne. Ni dai fuskar nan ta tsaya mini a rai. Ina daka sai in ji kamar ana kallon ƙeyata, in waiga babu kowa sai katanga. Ban ji tsoronta ba, tausayinta na ji, kuma ta ba ni haushi, don a ganina ina da isassun masu yunwa a gida ba sai an ƙaro mini Baturiya ba.

“Duk sun mutu, Uwata,” Baba ya ce mini wata rana yana mayar da murfi. “Ita da tsohon da mai hular, har wanda ya ɗauki hoton. Ba su da kabari a nan, ba su da dangi. Ni kaɗai na rage musu. In ta Allah ta kasance, ki kula da su.”

Na ce to, kuma har zuciyata na faɗa. A raina na ce ai ya kawo ajiya inda ake ajiya.

Da bazara ta yi tsanani na fara jin wani wari in an buɗe gwangwani, tsami-tsami kamar tukunyar da aka manta da gasara a ciki. Na taɓa zaren na ji yana danƙo, wani wurin har ya fara mannewa da ɗan'uwansa. Na gaya wa Baba, ya ce ya daɗe yana yin haka kaɗan-kaɗan, in bar shi. Ni kuwa ban iya barin abu yana wari a gidan da nake ba. Duk macen da ta san ɗaki ta san ma'anar tsami da danƙo: rima ce ta shiga. Maganin rima kuwa ɗaya ne tun kaka da kakanni, ko hatsi ne, ko kuɓewa, ko zannuwan adaka. A shanya. Da ina da hankali da na tsaya na tambayi kaina, shekara biyu sama ta hana mu ko ɗigo, ta ina ruwa zai bi ya shiga gwangwanin Baba? Ban tambaya ba. Na ɗora wa ramin laifi, na ce wane mai hankali ne yake ajiye kaya a ƙasa.

Ranar kasuwar Tsanyawa wani maƙwabcinmu ya ja Baba suka tafi gaisuwar mutuwa. Suna fita na share tsakar gida tas, na shimfiɗa tabarmi huɗu inda rana ta fi bugawa. Na fito da gwangwani na farko na warware shi kaf, na jera zaren layi-layi, na danne gefe da duwatsu don kada iska ta ɗauka. Da na ga ya yi kyau, sai na ce me zai sa in yi rabin aiki? Na fito da na biyu da na uku. Na wanke gwangwanayen da toka na kife su. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina, ina ta jin daɗin yadda Baba zai buɗe ya ji babu wari, ya sa mini albarka.

Sai na ɗauki tulu muka tafi rijiya ni da yaran, don a shekarar kulle ya zama na masu hali. Rijiyar ta ja baya ƙwarai, guga sai ya daɗe a ƙasa kafin ya taro rabi, ga layi har gindin tsamiya. Mun fita da hantsi, ba mu dawo ba sai bayan azahar.

Tun daga zaure na ji ƙara, ƙas, ƙas, a hankali, kamar ana taka busasshen ganye. Na shigo na ga zaren duk ya tashi daga kan tabarma ya nannaɗe, ya ƙanƙance, ya ture duwatsun. Na ajiye tulu na ɗauki wani yanki, zafinsa ya ƙona mini yatsa, ya karye a hannuna. Na ɗaga wani a haske. Fatar da hoton yake jiki ta tsattsage ta ɗaɗɗago kamar ɓawon albasa, ina hura numfashi tana tashi. Na bi tabarma ta biyu da rarrafe ina neman fuskar matar. Na sami wurin, na gane shi da ɗan ƙullin zare da Baba ya yi masa alama. Babu komai a ciki sai haske, ina hango katangarmu ta cikinsa.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na tattara abin da ya tattaru na naɗe na cusa a gwangwani, na share ɓurɓushin na kai bayan gida na binne. Na kama yaran na ce duk wadda ta buɗe baki sai na yanke mata kunne. Ban taɓa yi musu irin wannan tsawa ba, kuma sun ga idona sun san ba wasa nake ba.

Shekaru da yawa bayan haka wani jikana da ya yi karatu mai zurfi ya ji labarin, ya dafe kai. Ya ce irin wannan fim sanyi da duhu yake so, tsamin nan kuwa daga jikinsa yake fitowa in ya tsufa, zafi kuma shi ne ajalinsa. Wato ramin da na raina shi ya raya su duk tsawon shekarun. Ya ce ko a ƙasar da aka yi su yawancin irinsu sun salwanta, akwai masu bin duniya suna nema, suna ajiye abin da suka samu a ɗakuna masu sanyi. Mai yiwuwa ma, in ji shi, namu ne kaɗai ya rage. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Me zan yi da wannan ilmin yanzu?

Washegarin shanyar, da hantsi, Baba ya ja katako kamar kullum. Na yi wuf na karɓi gwangwanin.

“Kawo in riƙe, Baba, hannunka ya fara rawa. Kai dai yi maganar.”

Ya sakar mini. Na zauna nesa da shi kaɗan, na ɗaga wani guntun da babu komai a jikinsa, na ce ga ta nan ita da tsohon sun iso bakin wata gada. Ya yi muryar tsohon. Na ce ga mai keken doki ya tsaya. Ya yi muryar mai keken doki. Yaran suka sunkuyar da kai suna wasa da ƙasa.

Na yi wannan ƙaryar fiye da wata guda. Da farko abin bai yi wuya ba, don na kalli hotunan sau da yawa. Amma kai ba gwangwani ba ne. Yau in manta ko kare ya riga fitowa ko mai fitila, gobe in sa matar ta shiga gidan da sai a gwangwani na uku take shigarsa. In na yi kuskure sai Baba ya ɗan dakata, sannan ya bi ni a haka, ya gyara labarin ya dace da abin da na faɗa. Ni kuma ina ta murna wai ban kamu ba. Abincin da babu ma ya daina damuna kamar hantsin nan. Na tsani jin ƙarar katakon. Na rame fiye da ramar yunwa, har maƙwabta suna tambaya ko ciwo nake.

Ranar da abin ya ƙare, yaran sun tafi tsintar ganye, daga ni sai shi. Na ɗauko gwangwani na biyu na fara zuba, ga ta a bakin wata rijiya, ga tsohon ya zauna.

“Uwata.”

“Na'am, Baba.”

“Babu rijiya a fim ɗin nan.”

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ɗan abu ya miƙo saitin muryata. Guntun zaren ne, a murɗe, bai kai tsawon yatsa ba.

“Ranar da na dawo daga gaisuwa na taka shi a bakin ƙofa. Shanya kika yi?”

“Shanya na yi.”

“Duka ukun?”

“Duka.”

Sai a lokacin kukan ya zo. Na durƙusa na kama ƙafarsa ina cewa ya yafe mini, wallahi gyara na yi niyya, wari na ji, na ɗauka rima ce. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sandarsa ya sauke mini a baya, da na fi samun sauƙi. Shi kuwa sai ya lalubo kaina ya dafa.

“Haka uwarki za ta yi,” in ji shi. “Ita ma ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Tashi, ba wannan nake so ba.”

Na tashi zaune ina share hanci da bakin zane. Na ce to me ya sa ya bar ni ina ta zuba masa ƙarya wata guda, ina abin kunya a gabansa? Ya juya fuskarsa wajen hasken ƙofa, fararen idanun nan a buɗe.

“Ina jira ne ki zo wurin fuskarta. Kullum sai ki tsallake.”

Gaskiya ne, tsallakewa nake yi. Ban iya ɗaga wurin ba.

“Tun da idon nan ya tafi nake riƙe da ita a ka,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “To bana ta fara guduna. In na kira ta sai in ga ɗankwalin, in ga ƙunshin, fuskar kuwa kamar an shafe da hannu. Da ina cewa ba komai, tana cikin gwangwani, in na tambaye ki za ki duba mini. Yanzu ke ce kika gan ta daga ƙarshe. Akwai ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin idonta. Shi nake nema, in na same shi sauran za su dawo. A wane ɓangare yake, dama ko hagu?”

Na rufe ido na nemo ta. Matar da ta hana ni sakat wata da watanni, wadda nake jin idonta a ƙeyata ina daka, na neme ta a ranar ban ga komai ba. Ban ma taɓa lura tana da tabo ba. Baba ya karkato kunne yana jira, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa ɗaya a kan murfin gwangwanin.

“Hagu,” na ce.

Ya ja dogon numfashi ya jingina da bango. Na ga goshinsa ya saki, har wani ɗan murmushi ya zo masa.

“Hagu,” ya maimaita. “Alhamdu lillahi. Ga ta nan.”

Bai kai ga daminar da ta karya farin ba. Ya tafi da matar da na ba shi, ni kuwa har yau ban san a wane ɓangare tabon yake ba.